Tukunyar Kwalaben Vlasta

Oldřich Kolaja, wanda duk garin Kyjov ke kira Olda, ya rasu a watan Maris ɗin da ya wuce yana da shekara saba'in da huɗu. A kan kujerarsa ta bakin taga aka same shi da hantsi, tabarau a goshi, wani dutsen guga a kwance a kan cinyarsa, ya cire masa ƙusoshi uku ya jera su a faranti. Mu da muka zauna benci ɗaya da shi tun ajin farko ba mu yi mamakin dutsen gugan ba. Abin da ya fi ƙarfinmu shi ne shirun da ya bari.

Shekara arba'in ya yi yana gyaran kayan lantarki a wani ɗan shago da ke ƙarƙashin bene, kusa da tashar bas. Mutum ne gajere mai faɗin tafin hannu, ba ya da yawan magana, kullum yana ƙanshin dalma da man inji. In an kawo masa firij ko injin markaɗe, ba ya fara buɗewa. Sai ya jona, ya karkata kai ya saurara, kamar likita a ƙirjin mara lafiya. Ba ya yar da ƙusa ko ɗaya. Gwangwanayen kofi cike da su sun kai talatin a kan kanta. Kuma yana da doka guda wadda bai taɓa karyawa ba: duk abin da sukundireba ba za ta buɗe shi ba, ba zai saya ba. Yakan ce wanda ya ƙera abu ya liƙe shi da gam, akwai abin da ba ya so a gani a ciki.

Ta hanyar gyara ya samu matarsa. An kira shi makarantar firamare saboda babbar tukunyar miya ta daina zafi, ya shiga ɗakin girkin da jakarsa, sai wata doguwar budurwa mai farin ɗankwali ta tare shi a ƙofa da ludayi.

"Wanke hannunka tukuna."

"Waya na zo taɓawa, ba abinci ba."

"A nan ɗakin ko iska sai ta wanke hannu."

Ya wanke. Sunanta Vlasta. Bayan shekara ɗaya aka ɗaura musu aure, suka tare a hawa na uku na wani bene mai hawa huɗu, kuma a nan suka tsufa. Ita ta zama shugabar masu girkin makarantar, ta ciyar da yaran garin shekara talatin da biyu. A gida an raba iyaka tun ranar farko: ɗakin girki nata ne, ba ya shiga sai in wani abu ya lalace. Tana kiransa Injiniya, ko da yake ba shi da wannan takardar, shi kuma yana kiranta Shugaba. 'Yarsu ɗaya, Ivona, wadda ke aiki a Ostrava.

Shekara huɗu kafin rasuwarsa ciwon daji ya kama Vlasta. Aka yi ta kai da komo zuwa asibiti a Brno, aka yi aiki, aka yi ƙarin ruwan magani. Zuwa farkon bazara ciwon ya shiga ƙashi, abinci kuma ya fita daga ranta gaba ɗaya. Matar da ke ɗaga tukunyar miyar yara ɗari ta koma ba ta iya gama rabin kofin romo. Olda yakan tsaya a bakin gado da faranti har abincin ya huce, ya koma da shi. Zoben aurenta ya fara zamewa, ta cire ta sa a cikin kofin da ke kan durowa. Ranar da ya ji ƙarar zoben a kofin, ya sauka shagonsa na dā, wanda ya zama wurin sayar da waya, ya tsaya a gabansa ya rasa abin da ya kawo shi.

Likitan ciwo ne ya rubuta mata ganyen wiwi, irin wanda ake karɓa a kantin magani da takarda. Ya ce ba zai warkar da ita ba, amma wataƙila ya sassauta raɗaɗin, ya buɗe mata ciki. Hayaƙi ba ta taɓa sha ba, kuma huhunta ba zai ɗauka ba. Ƙwayoyin da aka ɗura shi a ciki suna maƙale mata a wuya ta amayar. Wata ma'aikaciyar jinya ta ba Olda takarda mai shafi biyu, an rubuta yadda ake jiƙa ganyen a man shanu da zafi kaɗan, da iya abin da za a ba mara lafiya. Ya ninke ta huɗu ya sa a aljihun gaba.

A bas, kan hanyar dawowa, Vlasta ta yi magana ba tare da ta dube shi ba.

"Rabin garin nan ni na ciyar da su. Magajin gari ma na share masa majina. Yanzu a ce kukun makaranta ta tsufa ta koma shan ciyawa?"

"Likita ne ya rubuta, Shugaba."

"Likita ba a benenmu yake kwana ba. Ludmila ce a benenmu."

Ludmila tana hawa na biyu, daidai ƙarƙashinsu. Tsohuwar ma'aikaciyar gidan waya ce, kuma hancinta ya yi suna a unguwar. Tana iya faɗa maka abin da kowane gida ya dafa tun daga ƙofar shiga.

"To in ba wanda ya ji warin fa?" in ji Olda.

Ta daɗe tana kallon gonakin inabi ta taga. "In ko ɗigon wari ya fita matakala, ba zan sa shi a bakina ba. Gara in tafi da cikina wayam."

Ya ɗauki wannan a matsayin yarda, don ya san ta.

Kuskuren farko ya yi shi ne saboda gaggawa, abin da ba halinsa ba. Washegari da rana, tana barci, ya shiga ɗakin girkin da sanɗa ya kunna obin, wato tandar gashi, don takardar ta ce a ɗan gasa ganyen kafin a zuba a mai. Ya rufe ƙofa, ya buɗe taga, ya tura tawul a ƙasan ƙofar. Bai yi tunanin bututun iskar da ya haɗa ɗakunan girkin benen daga ƙasa har sama ba, shi da ya gyara fankar bututun sau uku da hannunsa. Kafin rabin awa aka ƙwanƙwasa.

Ludmila ce, da silifas, ta riƙe ƙugu.

"Maƙwabci, me ke ƙonewa a gidanku?"

"Waya ce. Ina gwada wani tsohon injin fanka."

"Waya? Shekara talatin ina shaƙar wayoyinka, ba haka suke wari ba. Wannan kamar bayan tashar jirgi ranar Asabar."

"Sabuwar irin roba ce."

"To Allah ya kyauta. Ka gai da mai jiki."

Da ya rufe ƙofa ya juyo, ƙofar ɗakin kwana a buɗe take. Vlasta ta ji komai. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi faɗan da ya fi masa sauƙi. Ta juya fuskarta bango. Kwana biyu ko romon ba ta karɓa ba, sai ruwa.

Daga nan ya koma yadda ya saba aiki. Ya zauna ya rubuta abin da yake nema a bayan takardar asibitin: zafi kaɗan wanda ba ya hawa ba ya sauka, babu wari, babu ƙara. Ya sa sukundireba da ma'aunin zafi a jaka, ya roƙi matata ta zauna da Vlasta na awa ɗaya, ya nufi kantin kayan lantarki na bakin dandali. Zdena ce ke tsaron kantin, mace mai shekara hamsin da wani abu, wadda ta daɗe tana turo masa kayan da masu saye suka dawo da su.

"Olda! In ka kwance mini kaya, ka saya ke nan. Na faɗa maka tun yanzu."

"Kallo kawai zan yi."

"Kallonka da sukundireba yake zuwa."

Ya bi layin kantar a hankali. Kaskon lantarki mai wuta a murfi, wanda kowane gida ke gasa kaza da shi, ya ɗaga ya ajiye: zafinsa daga sama yake dukan abu, zai ƙone man. Tukunyar matsi, mai dahuwa da ƙarfin tururi, ya ce ta cika fushi. Injin yin yogot ya ce ba shi da ƙarfin da zai narkar da komai. Ya tsaya a gaban tukunyar nan mai cikin yumɓu da ake barin nama a ciki tun safe har yamma, ya juya ta, ya ga ƙusoshi huɗu a gindi, ya yi ajiyar zuciya.

Zdena ta jingina da kanta ta rage murya. "Na ciyawa ne, ko?"

Ya ji kunnuwansa sun yi zafi. "Wa ya ce miki?"

"Kai ne na biyar a watan nan. Duk tsofaffi. Jiya wata kaka ta zo daga ƙauye, man shafawa take haɗawa na gwiwa, ta ce tun zamanin uwarta suke yi da kitse a kan murhu. Kana tsammanin matasa ne ke sayen tukunyar da ke ɗaukar wuni? Matasa ba su da wannan haƙurin."

"Kada ki faɗa wa kowa."

"Wa zan faɗa wa? Kowa ya riga ya saya."

Ya biya koruna ɗari tara, ya kai ta ɗan ɗakin katakonsa da ke lambu a bayan gari, inda lambunmu ke jere da nasa. Ya cika ta da ruwa zalla, ya tsoma ma'auni, yana zuwa yana dubawa yana rubutawa. Na leƙa ta kan shinge na tambaye shi ko miyar ruwa yake koya. Bai yi dariya ba. Ya nuna mini lambobin: zafin yana hawa ya wuce inda takarda ta ce, sannan ya faɗo. Ya nuna mini ɗan ramin da ke murfin, inda tururi ke fita.

"Ta nan Ludmila za ta shigo," ya ce.

Ivona ta ji labari a waya, ta ce a bar mata. Bayan kwana huɗu ɗan aike ya kawo kwali. A ciki akwai wani inji mai kama da butar shayi, an ƙera shi musamman don wannan aikin, da fitilu masu canza launi a jikinsa. Olda ya juya shi sama da ƙasa, bai ga ƙusa ko ɗaya ba. Duk da haka ya gwada shi da man shanu zalla, don 'yarsa ce ta aiko. Injin yana yin shiru na 'yan mintuna, sai wuƙar cikinsa ta tashi da gurnani kamar injin markaɗe, in ya gama kuma ya yi ta kuka har sai an zo an danna.

"Baba, mutane dubu nawa suka yaba shi a intanet," in ji Ivona a waya.

"Mutane dubun nan ba su da mara lafiya a bayan bango."

"To ka yi a lambu mana."

"In bar uwarki ita kaɗai rabin wuni? In ta faɗi a banɗaki fa?"

Ya ji Ivona tana jan hanci.

"Ta ci wani abu yau?"

"Cokali uku."

"Baba, ka zuba mata a abinci kawai, kada ta sani."

"Uwarki? Matar da ke gane an canza kamfanin gishiri? Kuma ko da ba za ta gane ba, ban taɓa ba ta abu a ɓoye ba. Ba zan fara yanzu ba."

Haka aka shiga watan Agusta. A garinmu Agusta watan kwalabe ne. Kokwamba tana nuna gaba ɗaya, kowane gida ya fito da kwalabensa masu faɗin baki, a jera kokwamba a ciki da ruwan tsami da ganyen ƙamshi, a rufe, a dafa kwalaben a ruwa don su kai hunturu. Daga ƙofar bene har hawa na huɗu ba abin da kake shaƙa sai ruwan tsami. Gidan Kolaja ne kaɗai shiru a wannan shekarar. Kokwambar da Olda ya shuka bisa sabo ta yi ta girma a lambu tana zama rawaya, ba mai tsinka.

Wata Laraba da safe ya sauka ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa neman fankar tebur, don zafi ya dami Vlasta. Yana matsar da kwalaye sai ya ci karo da tukunyarta ta dafa kwalabe. Babba ce, fara, mai cin kwalba bakwai, da maɓallin zafi a gindi. Shi ya saya mata ita shekarar da aka haifi Ivona, kuma sau biyu ya canza mata maɓallin, na biyun ma da wanda ya ciro daga wani injin asibiti da aka yar, don haka ya san ba ya ƙarya. Ya tsuguna a gabanta. Ruwa mai yawa ba ya saurin hawa, ba ya saurin sauka. Ba ta da wuƙa, ba ta da kuka. Abin da ke cikin kwalba kuma a rufe yake, a ƙarƙashin ruwa, a ƙarƙashin murfi. Wata biyu yana yawo a gari yana neman abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa.

Ya hau da ita hawa uku yana haki, ya ajiye a kan teburin girki. Da ya buɗe, sai ya ga wani tsohon tsumma shuɗi a shimfiɗe a gindinta, ya ƙanƙance, ya yi tabo-tabo na farin gishirin ruwa. Ya ɗauka an manta da shi ne. Ya ɗaga shi da yatsu biyu ya jefa a kwandon shara, ya wanke tukunyar tas, yana jin daɗin kansa. Ya ɗauko kwalba, ya sa man shanu zalla daga firij don gwaji, ya ɗaure murfi, ya dasa ta kai tsaye a kan ƙarfen gindin, ya zuba ruwa ya kunna.

Shekara arba'in yana gyara tukwanen nan, amma bai taɓa tsayawa ya ga ana aiki da su ba, don ba a barinsa ɗakin. Ruwan ya ɗauki zafi, kwalbar ta fara 'yar rawa a kan ƙarfe, ƙas-ƙas-ƙas. Yana duba ma'auni sai ya ji tas. Gindin kwalbar ya cire kamar an yanka da wuƙa, man ya taso ya rufe fuskar ruwan.

Yana tsaye yana kallon ɓarnar ya ji motsi a bayansa. Vlasta ce a bakin ƙofa, cikin rigar barci, hannu ɗaya a bango ɗaya a jikin ƙofar. Sati biyar ke nan ba ta taka ɗakin nan ba.

"Ina tsumman?"

"Shugaba, me ya tashe ki? Koma ki kwanta."

"Na ce ina tsumman? Wannan ƙarar kwalba ce da aka dasa a kan ƙarfe tsirara. Ko a kabari nake zan gane ta."

Ya nuna kwandon shara. Ta rufe ido kamar wadda aka taka wa ƙafa.

"Injiniya. Injiniyan duniya. Ciro shi, ka wanke. Ba ni kujera."

Ya jawo kujera, ya zaunar da ita, ya sa mata matashi a baya. Ya ciro tsumman ya buɗe a bakin famfo, sai ya ga aljihu a jikinsa, da ɗinkin da ya sani.

"Wannan ai wandon aikina ne! Wanda na yi shekara ina nema!"

"Shekara ashirin da shida yana nan. Ya fi amfani a nan fiye da a jikinka."

"Kin ce iska ce ta ɗauke shi daga igiya."

"To ni ce iskar. Matse shi da kyau."

Ya kwashe ruwan, ya tsince gilasan, ya sake wanke tukunyar yadda ta ce, ba yadda ya ga dama ba. Ta sa ya ninka tsumman biyu ya shimfiɗa. Ta sa ya ɗumama sabuwar kwalba da ruwa mai ɗumi kafin ya zuba komai, ta karɓi murfin ta shafa bakinsa da yatsa, ta ce ya canza, wannan ya lanƙwashe. Sai da komai ya kammala ta dube shi.

"Ina abin?"

"Wane abu?"

"Olda, ciwo nake yi, ba kurumta ba. Na ji injin Ivona, na ji ka kana ƙarya da sabuwar roba. Ɗauko shi, ka ɗauko takardar da ke aljihunka."

Ya ɗauko. Ta sa tabarau ta karanta shafi biyun daga sama har ƙasa, tana bi da yatsa, yadda take karanta takardar abincin mako a makaranta. Ta sa ya auna a kan ɗan sikelinta na yin burodi. Duk matakin da takardar ta ce a yi a buɗe, ta ce a yi shi a cikin rufaffiyar kwalba.

"Amma in mun buɗe kwalbar daga ƙarshe don a tace," in ji shi, "wari zai fita. Kaɗan ne, amma zai fita."

"Kokwambar lambu tana nan?"

"Ta yi rawaya. Akwai dai ƙanana a ƙasan ganye."

"Kira abokinka ya tsinko. Tukunyar nan kwalba bakwai take ci, ba za a kunna mini ita don guda ɗaya ba. In mun gama da wannan, sai kokwamba. Lokacin da za ka buɗe kwalbar, ruwan tsami na tafasa a kan wuta, ƙofa kuma a buɗe, kamar kowane gida."

Na kawo bokiti biyu da azahar. Na same ta a kujera, fuska kamar takarda, gumi a goshi, tana ba da umarni. Olda yana yanka albasa da manyan yatsunsa, hawaye na zuba, ba wanda ya tambaye shi na mene ne.

Da la'asar kwalbar ta huce. Ruwan tsami ya tafasa har yana shaƙe mutum. Olda ya buɗe kwalbar a bakin taga, ya tace man ta cikin ƙyalle, kore-kore kamar ganyen zaitun, ya rufe da sauri. Ba a jima ba suka ji silifas a matakala. Ludmila ta tsaya a ƙofar da aka bari a buɗe, ta ɗaga hanci sama ta ja iska sau biyu.

"Vlasta! Ke ce a zaune? Na ce wannan haɗin ruwan tsamin ba na namiji ba ne."

"Ni ce, Ludmila. Ina koya wa tsoho aiki."

"Sukari ya ɗan yi yawa."

"Hancinki ne ya tsufa."

Ludmila ta yi dariya ta sauka. Vlasta ta saurari silifas ɗin har ƙofar hawa na biyu ta rufe. Sannan ta ce a yanko mata burodi, siriri. Ta karɓi wuƙa da kanta, ta ɗebi man daidai yadda takarda ta ce, ɗan mitsitsi, ta shafa, ta barbaɗa gishiri. Ta ci tana yamutsa fuska.

"Kamar an soya ciyawar doki."

"Za a iya sa shi a wani abu."

"Za a sa. Ba kai za ka sa ba."

Ya mayar da ita gado. Ya zauna a ɗakin girki yana jiran kwalaben kokwamba, yana kallon agogo, bai san me yake jira ba. Rana na gab da faɗuwa ya ji ta kira.

"Injiniya. Romon jiya yana nan?"

Ya ɗumama ya kai mata. Ta sha cokali ɗaya, ta ce ba gishiri. Ta sha na biyu. Ya tsaya a bakin gado riƙe da tire, yana ƙirgawa a zuci, har ya daina ƙirgawa. Da ta miƙo masa kwanon, ba komai a ciki sai ɗan karas guda. Ya koma ɗakin girki ya wanke kwanon nan ya fi sau uku.

Vlasta ba ta warke ba. Wata goma sha huɗu ta ƙara, akwai ranaku masu daɗi, akwai waɗanda ba na so in tuna. Amma ta ci abinci a yawancinsu, ta mayar da zobenta, ta ga inabin shekara biyu. Kwalbar tana can saman firij a cikin akwatin roba mai makulli, da rubutunta da jan biro: NA VLASTA, MAGANI NE, KADA A TAƁA. Duk wata suna kunna tukunyar tare, ita a kujera, shi a tsaye. Da hunturu ya zo, ba kokwamba, sai ta koma kabeji da wata jar saiwa mai kama da gwaza, don dai a samu dalilin tafasa ruwan tsami.

Ranar jana'izarta Ludmila ta riƙe hannun Olda a ƙofar coci ta ce, "Ban taɓa ganin gidan da ke dafa kwalabe a watan Janairu ba sai naku." Ta dube shi, ya dube ta. Har yau ban ji maganar a bakin kowa ba.

Bayan Vlasta, duk Agusta yakan hau da tukunyar ya yi kokwambarsa shi kaɗai. Ba ta yin daɗi, gishiri yana yi mata yawa, amma muna karɓa mu ci mu mayar masa da kwalaben. Wani lokaci Zdena takan turo masa tsofaffi masu irin damuwarsa. Yakan tambaye su ko da takardar likita suka zo. In sun ce e, sai ya ce kada su sayi komai tukuna, su fara sauka ɗakin ajiya su duba, kuma duk abin da suka tarar a gindin tukunya su bar shi inda yake.

Ivona ta zo ta kwashe gidan a watan Afrilu. Gwangwanayen ƙusa ta raba wa maƙwabta, injin nan mai fitilu ta tafi da shi, tukunyar kuma ta ce in ɗauka, ita ba ta da wurin ajiyewa. Na kai ta lambu. Ban buɗe ta ba sai makon jiya, da kokwamba ta fara fure. Wandon yana ciki, a ninke biyu, a wanke.